Ƙugun Tankin Goggo Tela

Shekara talatin da huɗu Goggo Tela ta yi tana ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanta, kuma duk layin ba wanda ya taɓa ganinta babu tef ɗin awo a wuya. Da shi take zuwa kasuwa, da shi take zuwa dubiya. Matan maƙwabta sukan ce in ta dube ki sau ɗaya ta san faɗin kafaɗarki, in ta sake dubawa ta san ko kin rame. Ba ta taɓa sa almakashi a yadi kan "da alama zai yi" ba. Sai ta auna, ta rubuta da alli, ta sake aunawa.

'Ya'ya uku ta haifa. Mazan biyu suna nesa wajen aiki. Babbar, malamar lissafi, ta rasu shekara uku da suka wuce bayan jinyar mako biyu. Ba a rufa shekara ba maigidanta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Tun daga nan Goggo ce ke yi masa wanka kowace safiya, ta wanke zanen gado kusan kullum. Ta san ruwan da wannan ke ci: bokiti shida a rana, ban da na sha da na girki.

Don haka ranar da aka liƙa takarda a bakin layi cewa za a ɗauke ruwa mako guda don sauya babban bututu, Goggo ba ta tsaya cikin masu tsaki ba. Jarka biyu gare ta da baho ɗaya, gwiwarta kuma ta daina yarda da ɗaukar kaya. Tanki take bukata, na lita ɗari biyar, kuma dole ya bi ta ƙofar tsakar gida, don babu wata hanya. Ta auna ƙofar: inci talatin da huɗu da ƙyaure, talatin da shida in an cire shi.

Shago uku ta shiga, sababbin tankuna duk sun fi ƙarfin jakarta. A na huɗu aka nuna mata tsofaffin duro masu araha. Ta buɗe ɗaya, ta kai hanci, warin fenti ya buge ta.

"Wannan ko kaza ba zan ba ruwansa ba," ta ce, ta mayar da murfin.

A shagon ƙarshen layi ta hango wani baƙin tanki a lungu, sabo amma ya sha ƙura, tumbinsa duk ƙarzuwa. Mai shagon, wani dattijo mai tumbi, ya ga inda idonta ya tsaya.

"Goggo, bar wannan, ɗan rigima ne. Sau biyu ana saye ana dawo min da shi. Su auna gindinsa su ga zai shiga, a je gida cikin ya tokare a ƙofa."

"To ai ba a auna mai tumbi ta ƙafa," in ji Goggo. "Kai ma ka sani."

Dattijon ya shafa cikinsa ya yi dariya. "Na ji wannan. In kina so ki ba da rabin kuɗinsa, amma in ya fita ya fita. Ko da kuka kika zo ba zan karɓa ba."

Rabin shi ne daidai abin da za ta iya. In tankin ya ƙi shiga, ba ta da na sayen wani, kuma jibi za a ɗauke ruwa.

Ta zare tef daga wuya, ta ba dattijon bakinsa ya riƙe, ta zagaya tankin a hankali ta inda ya fi kumbura, kamar mai auna ƙugun amarya.

"Riga za ki ɗinka masa?"

"In za ka biya, har da wando."

Inci ɗari da goma. Ta sake zagayawa, ɗari da goma. Sai ta juya bayan tef ɗin. Akwai rubutu a wurin da shuɗin biro, ya kusa gogewa. Shekarun baya, duk lokacin da aka kawo mata ɗinkin mayafin teburi mai zagaye, sai ta kira 'yarta ta fitar mata da faɗinsa. Ran nan yarinyar ta karɓi tef ɗin ta rubuta, tana cewa, "Umma, ga shi nan a wuyanki, ba sai kin jira na dawo daga makaranta ba." Rubutun ya ce: kewaye sau bakwai, a raba ashirin da biyu.

Goggo ta ciro alli daga jaka, ta yi lissafin a jikin tankin. Ɗari bakwai da saba'in. Ta raba. Talatin da biyar.

"Kira mai amalanke," ta ce.

Da suka iso gida, maƙwabcinta kafinta ya zo da sukudireba ya cire ƙyauren. Ya dubi tankin, ya dubi ƙofar, ya girgiza kai.

"Goggo, idona ya ce ba zai shiga ba."

"Idon nan naka ne ya yi min teburi mai ƙafa ɗaya gajera. Kama can."

Maigidan yana zaune a kujerarsa a inuwar tsakar gida yana kallo. Mai amalanke ya kama gaba, kafinta ya kama baya. Kan tankin ya wuce. Da cikin ya iso bakin ƙofa sai ya goga katako, mai amalanke ya tsaya cak.

"Ka karkata ne," in ji Goggo, ba ta ɗaga murya ba. "Miƙe shi. Akwai rabin inci ta kowane gefe."

Ya gyara riƙo, ya ja. Tankin ya zame ciki ba tare da ya ƙara taɓa komai ba.

Kafinta ya goge gumi. Maigidan ne ya yi magana, da harshensa da ya yi nauyi, yana nuna lambobin allin da hannunsa mai lafiya.

"Lissafin wa?"

"Na 'yarka."

Ya daɗe yana kallon lambobin, sannan ya gyaɗa kai.

Ta wanke cikin tankin sau biyu, ta cika shi kafin famfo ya ƙafe. Mako guda aka ce, kwana takwas aka yi. Wankan maigida bai tsallake ko safiya ɗaya ba, har matar kafinta ta ɗebi bokiti biyu. Allin da ke jikin tankin Goggo ba ta goge ba.

Bayan ruwa ya dawo kafinta ya zo aron tef, shi ma zai je neman tanki. Ya ga rubutun ya dushe, ya ciro biro ya ce bari ya bi mata kansa ya fito sosai.

Goggo ta janye tef ɗin ta mayar wuya.

"Bar shi yadda yake, ina gani. Kawo takarda in karanta maka ka rubuta."