Aikin Ƙabar da Na Farka Ban Ji Zafinsa Ba

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da ranar da aka yi mini aikin ƙaba a Gusau. Ni manomi ne a Bungudu, kuma na daɗe ina ɓoye ciwon saboda na ga wuyar da yayana ya sha da nasa aikin. Sai da ta kai ko rabin buhu ba na iya ɗagawa, sannan na yarda aka kai ni asibiti, ana dab da girbin dawa. Likita ya ce ba za a tsaga ni ba, 'yan ƙofofi za a huda a zura kyamara da kayan aiki. Na ce to, amma a raina ban gaskata ba.

Da na farfaɗo, zafi na fara nema, ban same shi ba. Na ɗaga riga, filasta uku ne kawai ƙanana. Na shafa marata, sai na ji kamar jikin wani nake taɓawa. Na mintsini fatar, shiru. Haka na yi ta bi da yatsa ina neman inda ji ya tsaya, kamar mai duba iyakar gona.

Kawuna da ya taso daga Tsafe don jinyata ya leƙa, ya girgiza kai. "Wanga ai ba aiki ba ne. Ko dai barci suka sa ka, suka manta da ƙabar?" Ya ce tunda lafiyata ƙalau, da an sallame ni sai gona.

Maganarsa ta tsaya mini a rai. Da likitar da ta sa ni barci ta zo zagaye, na cire kunya na tambaye ta. Ta ja kujera ta zauna. Ta ce ina barci ta duba da na'urar hoton ciki, ta gano inda jijiyoyin da ke kai saƙon zafi suke bi, ta yi musu allura. Raunin yana nan, labarinsa ne ba ya isa kaina. Allurar za ta sake ni, don haka in riƙa shan magani a kan lokaci tun zafin bai farka ba. Na ce to me ya haɗa kafaɗata da aikin ciki, don ita ce ke mini tsami. Ta yi dariya, ta ce iskar da aka hura mini a ciki lokacin aikin ce, in riƙa ɗan takawa za ta wuce.

Kawu ya kawo zancen gona. Ta ce masa, "Baba, ciwon bai warke ba, bakinsa muka rufe. In ya ɗaga buhu yanzu, ku za ku dawo mini da shi."

Washegari ji ya fara dawowa daga gefe-gefe. Da tari ya zo, na danna matashi a ciki kamar yadda nas ta koya mini, amma sai da na runtse ido. Kawu yana kallona. Yana ganin an sallame ni ya wuce Bungudu ya haɗa gayya. A gindin bishiya na zauna ina kallon mutane suna yanke mini dawa.

Abin da na koya shi ne, rashin jin zafi daban, warkewa daban. Kuma abin da ya ɗaure maka kai a jikinka, ka tambayi wanda ya sani. Da na ji nauyin buɗe baki a ranar, da buhu zan sa a kai.