Haƙorin da Goggo Tabawa ta hana a cire mini

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Goggo Tabawa, yayar mahaifina, Allah Ya jiƙanta. Duk shekara da addu'a nake tuna ta. Bana kuwa har da tsoro, kuma dalilin yana cikin bakina.

A shekarun saba'in, da kuɗin mai suka shigo, alewa da lemon kwalba suka cika Fagge. Mu yara muka yi ta sha ba mai tsawatarwa, don iyaye gani suke arziki ne ya zo. Ina 'yar shekara tara haƙorin taunata na can ciki ya yi kogo. An sa kanumfari har an gaji. Baba ya ce a kira wanzami ya fizge shi, ai yarinya ce, famfara take yi, wani zai fito. Na san awartakin wanzamin nan. Na taɓa ganin jinin da ya bari a zauren maƙwabta, don haka na shige bayan randa na ɓuya.

Goggo ta buɗe baki ta nuna wa ƙaninta wani giɓi. "Ni ma haka aka ce da ni. Shekara talatin ina jira, bai fito ba."

Ashe wannan haƙorin a bayan na yarinta yake tsirowa, ba ya ture kowa, shi ya sa ake zaton na famfara ne. Alhali shi ke nan har tsufa.

Wata mai atamfa da Goggo ke saro kaya wurinta, Mama Ngozi, ita ta kwatanta mana wani likitan haƙori a Sabon Gari. Goggo ba ta taɓa shiga asibiti ba, allura ma ko a hannun wani ta gani sai ta kau da kai, amma ita ta kai ni. Da injin ya fara ƙugi a bakina ta riƙe hannuna gam, ta kau da kai amma ba ta saki ba. Can likita ya tsaya, ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari, "Hajiya, ga ɗigon jini. Jijiyar tana da rai, ba zan kashe ta ba." Ya ɗora magani a kai ya cike ramin. Amma ya ce in kunci ya kumbura, ko zogi ya ƙi lafawa, to ta mutu, sai cirewa.

Makonnin da suka biyo baya sun fi injin ban tsoro. Kullum da safe Goggo za ta ɗebo ruwan randa ta ce in kurɓa, ta tsare ni da ido. In ya ɗan yi zogi ya wuce, sai ta ce, "Yana nan da ransa, ja'ira," ta koma kan tukunyarta. Baba kuwa ya yi ta tsokanarta, wai ta mai da haƙori jinjiri.

Da za ta dawo yau ta ga likitocin haƙori ko'ina a Kano, na san za ta yi murna. Amma da ta ga jikokina da kwalbar zaƙi tun kafin karin kumallo, kuma ta ji har yanzu akwai uwar da ke cewa a cire kawai wani zai fito, da faɗa za ta fara, kuma ni za ta fara yi wa.

Ɗakinta an rushe, an yi shaguna. Tasoshinta sun watse a hannun magada. Abin da ya rage mini nata shi ne haƙorin nan, da na yi shekara kusan hamsin ina tauna da shi.

Makon jiya likita ya ce ya tsage, ranar Litinin zai duba ko zai tsira. Da girmana da jikokina, wallahi tsoro nake ji, kuma ba mai riƙe mini hannu. Yau da safe na kurɓi ruwan sanyi na tsaya ina jira. Ya ɗan yi zogi ya wuce. Goggo, yana nan da ransa.