Tsohuwar da Kawu Ya Zana a Bangon Zaure

Jiya ina dawowa daga Kurfi a kan mashin, daf da shiga Dutsin-Ma, sai warin ƙonanniyar taya ya doki hancina. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kakata na tuna.

Gidanmu a bayan mayanka yake. Da can da kara da kirare mahauta ke babbake kai da ƙafa, ƙanshin har yunwa yake sa mu. Da itace ya yi wuya sai suka koma ga tsoffin tayoyi. Kullum da hantsi baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ya tsallako katanga, ya kwanta kan shanya da bakin randa. In ka fyace hanci, baƙi ƙirin. Kaka kuwa ga ta da ciwon ƙirji. Da bazara, in iska ta tsaya cak, daga tsakar gida kana jin numfashinta kamar kukan tsohon ƙyaure.

Kawuna mai fenti ne, shi ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Abin da ya ɗaure shi, babban mahautan nan surukinsa ne. Ka dai san halinmu. Mutumin da in ka hango shi sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, ta ina za ka ce mashi hayaƙinka na kashe uwata? Ya aiki matarsa wurin uban nata, ta dawo da ƙunshin nama da saƙon a gaida tsohuwa.

Sai ya kwashi gwangwanayen fentinsa ya fuskanci bangon zaurenmu, wanda ke kallon mayankar. Ya zana tayoyi na ci da wuta, hayaƙi ya rufe sama ruf, ga tsohuwa kan tabarma dafe da ƙirji, sanye da shuɗin zanen da kowa ya san Kaka da shi. Ko harafi bai rubuta ba.

Unguwa ta taru. Bayan la'asar surukin ya zo, Kawu ya lafe cikin zaure. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, yadda na ciki zai ji, "Da ya same ni ya faɗa mani, da na ji. Amma a bango? A gaban yarana?" Washegari ya aiko cewa 'yarsa, matar Kawu, ta koma gidansa, hayaƙin kuma bai fasa ba.

Kaka da kanta ta kira Kawu. Tana magana tana tsayawa neman iska. "Shafe shi. Ba za a kashe aure a kan tarina ba." Ina kallo ya dama farar ƙasa ya shafe uwarsa daga bangon, yana kuka ba sauti. Matarsa ta dawo. Kaka ba ta ga ruwan farko na daminar ba.

Har yau abin na ci mani rai. Yanzu matasa na zana irin hotunan nan su sa a waya, a yaba masu, hayaƙi kuwa sai ƙaruwa: ga taya, ga leda, ga janareta. Ni na gaji gidan, kuma ƙaramar 'yata ta fara irin tarin nan. Da na gaya wa Kawu, wanda yanzu ya tsufa, sai ya damƙi hannun rigata.

"Kada ka zana komai," ya ce. "Tashi ka je ka faɗa wa mahautan da bakinka, tun tana numfashi."