Kukan Gauraka da Yaya Ya Nema

Ciwon suga ne ya tafi da idon yayana. Bai tafi da shi rana ɗaya ba. Da fari ya ce hazo yake gani in rana ta yi sanyi, daga baya ya daina tuƙi bayan La'asar, sai kuma wata Alhamis ya dawo daga kasuwar Shinkafi ya miƙa wa wani abokinsa makullin mota, ya ce ya ci gaba da jan ta. Shekarunsa da yawa yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, wani lokaci Zurmi. Mutum ne mai jiki da murya, wanda in yana gardama a tasha ana jiyo shi daga bakin titi. Da idon ya rufe gaba ɗaya sai muryar ma ta bi shi.

Gida ɗaya muke zaune, shi da iyalinsa a sashen gabas, ni da nawa a na yamma. Ni ne autan mahaifiyarmu, kuma Auta yake kira na har yau da furfura ta fara fito mini. Ina koyarwa a makarantar firamare. In na taso nakan same shi a kan tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya jingina da bango, hannuwansa a kan gwiwa. Na saya masa rediyo, ya yi kwanaki yana ji, sannan ya ce in ɗauke. Duk garin da aka ambata an kai hari ya san shi, ya san kwanar da ake shiga, ya san mai shayin wurin. Ya ce ya fi son shiru.

Wata safiyar Asabar, farkon damina, an kwana ana yayyafi, ina zaune kusa da shi ina shan koko sai ya ɗaga hannu.

"Auta, saurara. Wane tsuntsu na wanga?"

Na kasa kunne. Daga bayan katangar maƙwabta wani abu ke kuka, gu-gu-gu-gu, yana sauka ƙasa kamar ana tsiyayar ruwa daga tulu mai ƙaramin baki. Na ce ban sani ba.

"Kullum da safe shina yi. Ni ma ban san shi ba. Baba da ya sani."

Mahaifinmu manomi ne a Badarawa. Ya rasu ina ƙarami, mahaifiyarmu ta dawo da mu Kaura wurin danginta, mu duka muka tashi 'yan gari. Ban da kurciya da hankaka da shirwa, ba na jin akwai tsuntsun da zan iya kiran sunansa in na ji kukansa. Amma tun da idonsa ya rufe wannan ce tambaya ta farko da Yaya ya yi wadda ba ta magani ba, don haka na ce zan bincika masa.

Na ɗauki waya na rasa abin da zan rubuta. Ta yaya ake neman kuka? Na rubuta da Hausa, ba abin da ya fito sai waƙoƙi. Ran Litinin na tambayi wani malami da ke koyar da kimiyya a makarantarmu, ya gaya mini kalmomin Turanci da zan sa. Da su na faɗa wani shafi a intanet inda mutane daga ƙasashe daban-daban ke ɗora kukan tsuntsayen da suka naɗa, kowanne da hotonsa da wurin da aka ɗauke shi. Na riƙa zaɓen na kusa da mu, na Nijar da Burkina da Senegal da arewacin ƙasar nan.

Da yamma na zauna gefensa na fara kunna masa ɗaya bayan ɗaya. Yakan karkata kai ya ce, "A'a, wuce." Wani ko gama farawa bai yi ba zai ce in wuce. Mun kwashe kwanaki a haka, har na fara gajiya, sai wata rana na danna wani, tulun nan ya fara tsiyaya daga cikin wayata. Yaya ya dafa ƙafata.

"Shi na. Mi ya yi kama da shi?"

Na kwatanta masa hoton: kai baƙi, fukafukai jajaye kamar ƙasar gini, ƙirji fari, doguwar jela, jan ido. Sunan da ke ƙasa na Turanci ne, bai amfane mu da komai ba.

Wani tsoho ne ya ba mu sunan. Daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi ya yi gudun hijira, maƙwabcinmu ya ba shi ɗakin zaure, yana zama a dakalin da ke fuskantar mu yana tufka igiya. Ba ya shiga hira, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar ya ɗago kai ya ce, "Ragon maza na, ɗiyana. Bai son tashi sama, cikin ciyawa yaka rarrafe." Yaya ya maimaita sunan a hankali, sannan ya ce, "Baba, matso kusa mana." Tsohon ya naɗe igiyarsa ya dawo tabarmarmu, kuma daga ranar mu uku ne.

Bayan sallar La'asar muke zama. Ni ke kunnawa, tsohon, wanda muka koma kira Baba, ya ba da suna in ya sani, Yaya ya riƙe. Ba duka Baba ya sani ba. Wasu ya ce ya sha jin su a gona amma bai taɓa jin an kira su da suna ba, wasu kuma ya ce ba na ƙasarmu ba ne. Muka koyi fiton cilakowa mai tsini, da ƙarar zakaran ƙeƙuwa mai kama da ana buga ƙarfe, da kirarin fakara da sassafe. Na gane ashe kurciya ba iri ɗaya ba ce, akwai mai gurnani kamar tana dariya a ciki, akwai mai nanata abu guda har ta gundure ka. Yaya ya fi ni saurin kamawa nesa. Ya ce ai da kunne ya yi rayuwarsa, in inji ya canza murya kafin hayaƙi ya fito ya riga ya sani. In na dawo daga makaranta sai ya lissafa mini waɗanda suka ziyarci darbejiya a bayana, kamar mai ba da labarin baƙi. Matarsa ta ce mini ya koma cin abinci da kyau.

Wata yamma na kunna kukan suda, wani fito mai daɗi mai gangarowa. Ban kai ga kashewa ba sai muka ji an amsa daga kan katanga. Na sake kunnawa, aka sake amsawa, kusa fiye da ɗazu. Na ga tsuntsun ya sauko reshen da ke saman kanmu yana leƙe-leƙe. Yaya ya yi dariya har da buga cinya, irin dariyarsa ta tasha da na manta da ita. Na ɗaga wayar zan ƙara, sai ya ce in bari.

"Kashe, Auta. Ɗan'uwanshi yaka nema, kuma babu kowa. Kada mu wahal da shi."

Na kashe. Tsuntsun ya ɗan ƙara kira, ya gaji, ya tashi.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai Yaya ya ce akwai wanda yake so in nemo masa, gauraka. Ya ce yana yaro mahaifinmu kan tafi da shi fadamar Badarawa, su tarar da su tsaye a bakin ruwa da tukkunsu kamar zinariya, in sun tashi kukansu ya cika wurin. Ni ban taɓa ganin gauraka ba sai a hoto. Tsohon ya ce su kumare suke ce masa, kuma ya daɗe rabonsa da shi tun kafin a fara gudu. Wayata ba caji a ranar, na ce gobe.

Washegari aka wayi gari babu sabis. Gwamnati ta rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, man fetur ya yi wuya. Muka ɗauka abin na 'yan kwanaki ne, ya zarce makonni. Waɗanda na riga na sauke a waya su muka yi ta maimaitawa, har Yaya ya haddace inda kowane ke tsayawa.

A cikin wannan lokaci ne wani ɗan ƙaramin rauni da ya ji a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya shiga. Muka kai shi asibiti, aka wanke, aka ba da magani, aka ce ƙodarsa ma ta gaji. Ya daina fitowa ƙarƙashin darbejiya. Muka mayar da zaman ɗakinsa, aka buɗe masa taga don ya riƙa jin waje. Bai ƙara yin maganar gauraka ba sai sau ɗaya, da ya ce, "In layi ya dawo, kada ka manta."

Layi bai dawo ba. Akwai yayarmu da ke aure a Kano, ba ta san halin da ake ciki ba, kuma ya zama dole a gaya mata. Na hau mota zuwa Gusau, daga can zuwa Funtua, inda mutanen jiharmu ke zuwa su yi waya. Na sauka na tarar da jama'a tsaye a gindin bishiyoyi da bakin shaguna, kowa da waya a kunne, wata mata na kuka, wani na karanta saƙonnin da suka taru masa. Na kira yayarmu na gaya mata ta taho. Bayan na gama na koma gefe, na buɗe shafin nan na nemi gauraka. Na ji kunya kaɗan, mutane na isar da labarin mutuwa da na haihuwa, ni ina neman kukan tsuntsu. Na sami guda da aka naɗa a wata fadama a ƙasar Chadi, na sauke shi, ban saurara ba. Na fi so mu ji tare.

Da na dawo na same shi ya rame ƙwarai. Matarsa ta tayar da shi zaune ta sa masa matashi a baya. Na aika aka kira Baba, ya shigo da sallama ya zauna bakin ƙofa. Na ce, "Yaya, na samo maka," na ajiye wayar kusa da kunnensa.

Da fari iska ce kawai da motsin ruwa. Sai kukan ya zo, mai kauri, kamar ana busa ƙaho daga nesa, ɗaya ya kira wasu suka amsa. Yaya bai motsa ba. Da ya ƙare ya ce, "Sake." Na sake. Baba ya juya fuskarsa wajen bango, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki.

"Su na," in ji Yaya. "Ranar da na fara jin su tsoro na ji, na ruga na riƙe ƙafar Babanmu. Ya ɗauke ni ya aza a wuya, ya ce in duba da kyau, ba su cin mutane."

Sannan ya ce in ƙara kunnawa, amma in ɗaga sautin wayar. Wannan karon ba tsuntsun yake saurare ba.

"Ka ji? Can baya. Ana daka."

Na kasa kunne sosai. Gaskiya ne, can ƙasa da kukan akwai bugun taɓarya a turmi, a hankali, da wani zakara, da muryar mace tana kiran wani. Duk sauraron da na yi ban lura ba.

"Akwai gari kusa da fadamar," ya ce. "Suna nan zamansu. Ba su gudu ba."

Baba ya tashi ya fita. Daga baya na same shi a dakali, igiya a hannunsa, bai tufka ba.

Yayarmu ta iso ta same shi da rai, ya gane muryarta, sun yi magana. Ya rasu ana cikin yankan gero, da hantsi, matarsa na gefensa, ni ina makaranta. Direbobin tasha suka cika ƙofar gida, suka ɗauke shi a kafaɗa har makabarta. Bayan sadakar bakwai wata 'yar Baba ta zo daga garin Zurmi ta tafi da shi wurinta. Ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a mai tsawo. Ban sake ganinsa ba, kuma ban sami wanda zai ba ni labarinsa ba.

Da aka buɗe kasuwanni, wata Alhamis wani uzuri ya kai ni Shinkafi. A tasha na tarar motar da ke lodi ita ce ta Yaya, abokinsa na jan ta. Ya sa ni a gaba. Hanyar ba ta hira ba ce yanzu, kowa ya yi tsit, direba na gudu, ido na kan daji. Da muka zo daidai inda ake ratsewa zuwa Badarawa na so in ce ya rage gudu, ban ce ba. Sai da rufin gidajen Shinkafi suka bayyana direban ya saki numfashi, ya tambaye ni yadda Yaya ya yi kwanakinsa na ƙarshe. Na ba shi labarin tsuntsaye. Ya yi murmushi yana girgiza kai.

"Ai ba yau ya fara ba," ya ce. "Wata rana ina gefenshi, mota cike da 'yan kasuwa, ana sauri, ya taka birki tsakiyar hanya. Fakara ce da 'ya'yanta za su tsallaka. Fasinja suna ta faɗa, ya ce wanda ke sauri ya sauka ya taka."

Muka shiga tasha, ya kashe mota. Na sauka na yi masa godiya, ya ce in gaida iyalin marigayi, ya zagaya baya yana kwance igiyar kaya.