Mutumin Da Ya Auna Tituna Da Ƙafarsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da ƙarfe goma da kwata na safe, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Sai da na sa ta maimaita.

Baban Waya, kamar yadda kowa ke kiranka a kamfanin sadarwa na ƙasa, shekara talatin da ɗaya ka yi kana gyaran wayoyin da aka binne a ƙarƙashin titi. Ni wata bakwai kawai na yi tare da kai. An ɗauke ni aiki ne bayan gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa kashi arba'in cikin ɗari na kamfanin. Sababbin shugabanni suka tarar taswirorin ofis sun tsufa, hanyar kowace waya a kanka take. Aikina shi ne in bi ka, in zuba abin da ka sani a kwamfuta.

Kai ba ka awo da tef. Kakan tsaya a bakin kwalbati ka ce, "Taki sittin gabas, ku haƙa." A ranar farko na durƙusa na auna takinka sau goma, ya kama santimita saba'in da biyu. Ka yi dariya har da riƙe ciki: "Ɗan boko, ƙafar tawa ma sai ka ba ta maki?"

A wata na uku na ga wata takarda a teburin manaja: da zarar an gama taswirar, za a sallami tsofaffin sashenmu. Hankalina ya tashi. Na shiga jan ƙafa, titin da za a gama a yini ɗaya in kai shi kwana uku. Ka gane ni. Ka ja ni bayan motar aiki ka ce, "Ɗana, mu ma muna da kunne. Amma in wayar asibiti ta yanke bayan na tafi, wa za a tambaya? Buɗe na'urarka."

Mun gama tituna ɗari da goma sha bakwai. Rana ɗaya aka ba mu takardu, ni ta tabbatar da aiki, kai ta sallama. Kai ka fara miƙo mini hannu.

Mako tara ka yi a gida. Sau biyu ka aiko in zo. Sau ɗaya na iso har ƙofar gidanka, na juya. Da na je gaisuwar rasuwarka, matarka, Mama, ta ce, "Kullum yana cewa kada a matsa maka, aiki ne ya yi maka yawa."

Ba aiki ba ne, Baba. Kunyar haɗa ido da kai ce, kuma na bari har lokaci ya wuce.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Mama da 'ya'yanka biyar da abokan aikinka ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙuri. Ina roƙonku ku yafe mini a madadinsa.