Ɗinkin da Iya ta yi wa yoyon Yaya Nasiru

Ranar wata Laraba ce bayan azahar, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na fasa yoyon Yaya Nasiru a tsakar gidanmu da ke Kebbe. Manya duk suna gona wajen yankan gero, an bar ni da gadin shanyar kuɓewa kada awaki su yi ɓarna. Maimakon gadi, sai na kirawo ƙawayena biyu, na shiga ɗakin Yaya na zaro abin daga ƙasan akwatinsa na ƙarfe, na zura zaren a yatsa ina ta iyayi, alhali ban taɓa gwadawa ba. Na ɗaga hannu na wurga da iya ƙarfina, sai ji na yi ƙas, ya daki gefen dutsen niƙa. Ƙawayen nawa ko sallama babu, suka ranta a na kare. Da na tsuguna na ɗauka, sai na ga gefe ɗaya ya tsage tun daga baki har kusa da tsakiya.

Abin wasa ne kawai, 'yan faya-fayai biyu na jar roba manne da juna, da zare naɗe a tsakaninsu, a sake shi ya sauka ya kuma hawo hannu da kansa. Amma tsarabar Makka ce. Babanmu ne ya kawo wa Yaya da ya dawo aikin hajji, damina na zagayowa kuma Allah ya yi wa Baba rasuwa. Tun daga nan Yaya bai sake wasa da shi ba, ya naɗe shi a tsohuwar hular Baba ya adana. Ranar da zai koma makarantar kwana a Tambuwal ya tara mu ƙannensa ya ce, "Duk wanda yat taɓa min abin ga, babu ni babu shi." Yaya kuwa ba ya magana biyu. Duka ban damu da shi sosai ba, na saba sha. Abin da ya firgita ni shi ne wannan babu ni babu shi, domin tun rasuwar Baba shi ne mai goya ni a keke, shi ke duba mini littafi, shi ke shigar mini faɗa. Ga shi kuma jibi Juma'a zai zo taya yankan gero.

Babu abin da ban gwada ba. Na liƙa da tuwo, ya bushe ya zube. Na saci ƙaron da ƙanena ke haɗa tawada da shi, na jiƙa na shafa, tsagar ta ƙara buɗe baki. Na yi tunanin ɗora wa akuya laifin, sai na tuna akuya ba ta buɗe akwati. Na ƙulle shi a haɓar zanena ina yawo da shi. Ranar Alhamis a makaranta 'yan ajinmu suna ta 'yar gala-gala da carafke a gindin darbejiya, ni ina raɓe jikin bango, duk babur ɗin da ya wuce ta hanyar Tambuwal sai in miƙe in leƙa, wai ko Yaya ne ya yi sammakon zuwa.

Kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, ita ta gano ni. Sana'arta ɗinkin ƙwarya. Matan unguwa kan kawo mata fasassun ƙore, ta huda da basilla ta ɗinke tsaf, har bokitin roba takan ɗinke idan ta gasa basillar a wuta. Ina dawowa daga makaranta ta kira ni rumfarta. "Ke Balki, mi kika ɓoyo cikin zane tun jiya?" Na kwance na miƙa mata ina kuka. Ta daɗe tana jujjuya shi, don ta san hannun da ya kawo shi gidan. Daga nan ta ce in ɗebo mata garwashi. Ta gasa basilla har ta yi ja, ta huda ramuka shida, uku a kowane gefen tsagar, ƙaurin roba ya cika rumfar. Ta warware siririyar waya daga tsohuwar rariya ta ɗinke, ta bi da kakin zuma ta shafe. Zuciyata ta ɗan kwanta, domin na riga na shirya dabarata: zan mayar da shi cikin hular, in kifa gefen ɗinkin ƙasa, mai lafiyar yana sama.

Sai Iya ta ce in gwada. Na sake shi a hankali, ya sauka a karkace, ya yi ta lilo, zaren ya harɗe, ya ƙi hawowa. Ta karɓa ta auna a tafin hannu. "Gefe guda ya fi nauyi," in ji ta, "awa mangalar jaki da anka cika ɓangare guda." Ban gane nufinta ba sai da na ga ta mayar da basilla cikin garwashi, ta juyo gefen da babu abin da ya same shi. Na yi tsalle na riƙe mata hannu ina roƙo, na ce idan ta huda nan ma ai ba ni da wurin ɓoyewa. Ta dube ni ta ce, "Gyara kika so ko ɓoyo? Ni dai gyara na iya." Ina ji ina gani ta huda ramuka shida a lafiyayyen gefen, ta ɗinke, ta shafe da kaki. Na sake gwadawa, ya sauka a miƙe ya ɗan hawo. Bai taɓa ba ni tsoro kamar lokacin ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci babur ya sauke Yaya a ƙofar gida. Na ruga wajen Iya na roƙe ta ta sa baki, ta ce ita ɗinki ta yi, ba ita ta fasa ba. Haka na je na tsaya gabansa, na miƙa masa. Ya duba wannan gefe, ya juya ya duba wancan. "Wa yaf fasa?" Na ce ni ce. Na runtse ido ina jiran mari, shiru. Da na buɗe, sai na ga ya zura zaren a yatsa, ya sake, abin ya sauka ya dawo tafinsa. Ya sake yi har sau uku. Sannan ya zauna a kan turmi ya fashe da kuka, shi da ko ranar jana'izar Baba ban ga hawayensa ba. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu bai ce mini uffan ba, na gaishe shi ya kau da kai, na tabbata an gama da ni. Ranar Lahadi, mai babur yana jira a waje, ya kira ni. Ya kama yatsana ya zura zaren da kansa, ya ce, "Ba a jifa da shi, Balki. Sakewa akai. To, sake."

Yanzu a Tambuwal nake koyarwa. 'Ya'yana idan abin wasansu ya fashe, kafin in duba sun jefar a bola, ba tsoro ba kuka, gobe a sayo wani. Iya ta daɗe da rasuwa, rumfarta ta zama wurin ajiye babur, ba kuma na ganin mai yawo da fasasshiyar ƙwarya. Yoyon yana nan cikin hular Baba. Da sallar bara Yaya ya fito da shi, muka yi ta jujjuyawa muna gardama, kowa da gefen da yake nunawa. Har yau daga ni har shi babu wanda ya san gefen da na fasa.