Wilma Ta Yanka Rigunan Orval

Wilma Tackett ba ta iya jira ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Ita ce mai ɗauke faranti mutum yana tsakiyar cin abinci. Shekara ashirin da takwas ta yi a masana'antar ɗinkin wanduna a gabashin jihar Kentucky ta Amurka, da aka rufe wurin ta dawo gida da almakashinta da buhunan ƙyallaye. Duk kaka, in ganyen itatuwa ya soma ja, sai ta harhaɗa ƙyallayen nan ta ɗinka matasan kai na ado, masu hoton kabewa da busassun ganye. Matan garin kuma in an yi musu rasuwa, ita suke kai wa rigunan mamacin ta mayar da su matashi, a ajiye a kujera don tunawa.

Bara ciwon huhun mijinta Orval ya tsananta, gadon shekarun da ya yi yana haƙar kwal. Likita ya ce da wuya ya ga ƙarshen wata. 'Yarsu Darlene ta tare a asibiti. Wilma kuwa kwana uku ta yi tana zuwa, ta ce zaman ya ishe ta.

Sai Orval ya ƙi mutuwa. Bayan sati uku aka sallame shi. Da Darlene ta buga waya ta faɗa mata, Wilma ta ce "To," ta kashe.

Darlene ce ta fara shiga falon, tana riƙe da hannun uban. Matasan kai bakwai jere a kan doguwar kujera, kowanne an maƙala masa takarda da sunan jika. Ta ɗauka irin na kowace shekara ne, sai idonta ya kai kan wata kabewa ruwan goro mai aljihu a tsakiya, har da maɓallinsa. Rigar farautar babanta ce. Ganyen da ke gefe kuwa jar rigarsa ce ta zuwa coci. Ta juya wajen uwarta.

"Mama, me kika yi?"

"Abin da likita ya ce na bi," in ji Wilma. "Ni na ce masa ya yi ƙarya?"

Orval ya lallaba ɗaki ya buɗe kabad. Babu ko riga ɗaya, sai ƙarafunan rataya. Ya fito yana haki.

"Ke Wilma, har da shuɗiyar da ɗan'uwana marigayi ya bar mini?"

"Ita ce bayan matashin jikarmu Tammy. Ta yi kyau kuwa."

"Ashe an binne ni ban ji labari ba! An yi taro? Mutane sun zo?"

"Kai dai zauna, tsoho, kada ka faɗi ka gaskata likita."

Bai zauna ba. Ya ce shekara hamsin da ɗaya da suka yi da aure ta isa, ba zai kwana a gidan da aka riga aka raba kayansa ba. Ya koma mota da rigar da aka sallame shi da ita. Darlene ta kai shi gidanta.

Kwana tara bai ɗauki wayar Wilma ba. Darlene ta je ta roƙe ta ta ba shi haƙuri, ko da kalma ɗaya ce.

"Haƙurin me? Da in zauna ina kallon injin numfashi, gara hannuna ya yi aiki."

Ranar Lahadi, ana tashi daga coci, Wilma ta tare matan a bakin ƙofa tun fasto bai gama gaisawa da mutane ba. Kowa ya riga ya ji labarin, wasu ma sun ƙi haɗa ido da ita.

"Ku daina kallona kamar na kashe mutum, yana nan da ransa," ta ce. "Kowace ta kawo mini rigar mijinta guda, babba, mai dogon hannu, kafin Laraba. Ke kuma Darlene, ki gaya wa ubanki kabad ɗinsa zai cika. Ki dawo mini da shi kafin sanyi ya sauka, ni ban iya hura murhun nan nasa na ɗumama gida ba."